Yadda za ka buɗe sashen bayanai kan shaye-shaye a laburarenku: jagora ga ma'aikatan ɗakunan karatu na Gombe

A farkon 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken nan kan ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da manyan laifuka. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Cikin kowane huɗu daga cikinsu, ɗaya mace ce. A jihohi shida na Arewa maso Gabas kuwa, Gombe ce kan gaba da kashi 21.2 cikin ɗari, Bauchi na da kashi 16.

Mazaunin Jekadafari ko Bolari ko Pantami ba sai an karanto masa bincike ba kafin ya yarda akwai matsala. Abin da ƙididdiga ba ta kamo ba shi ne yawan masu yawo da tambaya a ransu. Uwar da ta tsinci kwalaben maganin tari a ƙarƙashin katifar 'yarta. Matashin da ya gaji yana so ya bari, amma da ya kwana biyu bai sha ba sai jikinsa ya ƙi. Mai kemis suke tambaya, ko mai tallan magani a tasha, ko su dogara da saƙon WhatsApp da ba a san wanda ya fara turo shi ba. Ba mai tuna laburare. Alhali laburare na da abin da ofishin 'yan sanda da sashen masu taɓin hankali ba su da shi: kowa zai shiga a kan idon mutane ba tare da an zarge shi da komai ba.

A kan wannan za mu gina aikin. Matakan da ke tafe sun dace da laburaren jiha, na makarantar sakandare, na kwaleji, har da ɗan ɗakin karatun da ƙungiyar matasa ta buɗe a unguwa, kuma yawancinsu ƙafa da haƙuri suke ci fiye da kuɗi.

Mataki na 1: Fita ka saurara kafin ka sayi komai

Ka fara samun amincewar shugaban laburarenku a rubuce, ko da layi biyu ne. Daga nan ka ɗauki littafi da biro ka fita. Ka gaida mai unguwa, ka yi masa bayani dalla-dalla: "Ranka ya daɗe, daga laburare nake. Muna so mu tara bayanan da za su taimaki iyaye kan shaye-shaye. Ba sunan kowa muke nema ba, tambayoyin da mutane ke yi muke so mu ji." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ke buɗe ƙofa, don abin da kowa ke tsoro shi ne a kai sunan ɗansa wurin hukuma.

Ka zauna da malamin da ke ba ɗalibai shawara a sakandare, da ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi, da shugaban 'yan acaɓa ko 'yan Keke Napep, da limami da fasto, da malamar Islamiyyar matan aure. In kai namiji ne, ka nemi abokiyar aiki ta shiga gidaje, domin shaye-shayen mata a ɗaka ake yin sa, kuma ba za a faɗa maka ba.

Abu biyu za ka dawo da su. Na farko jerin tambayoyi kamar yadda aka furta su. Na biyu sunayen da ake kiran kayan mayen a titi. Uwa ba za ta zo tana cewa tana neman bayani kan flunitrazepam ba; cewa za ta yi ta ji ana ce wa ɗanta yana shan roci. Ka ja layi uku a littafinka: sunan titi, ainihin sunan abin, da babban haɗarinsa. Wiwi, kodin ko benelin, tiramol, D5, Exol, sholisho, zaƙami, a-kurkura, duk su shiga. Ka kai wa ƙwararren mai harhaɗa magunguna na asibiti ya duba maka, kuma ka bar sarari a ƙasa, don sunayen nan suna sauyawa. Da su za ka tsara fayilolinka, yadda duk wanda ya zo da sunan titi zai tarar da amsa.

Mataki na 2: Rijistar wuraren neman taimako

In da za a ce abu ɗaya kawai za ka iya yi a cikin jagoran nan, to wannan ne. Yawancin masu zuwa ba lacca suke so ba. Tambayarsu ɗaya ce: ina zan kai shi?

Ka buɗe wa kowane wuri shafi guda. Ka fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na jiha, domin hukumar ba kame kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara ga masu son bari. Ka ƙara da manyan asibitocin Kumo, Kaltungo, Billiri, Bajoga da Dukku, ka tambayi abin da kowanne ke iya yi da inda yake tura wanda ya fi ƙarfinsa. A wajen jiha akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Barnawa a Kaduna. A saman rijistar ka rubuta lambar kira kyauta da NDLEA ta buɗe a 2022, wato 0800 1020 3040, bayan ka kira da kanka ka ji an ɗauka.

Kada ka kwafo bayanin daga intanet. Wuraren da ke cikin jiha ka taka da ƙafarka, na nesa ka buga waya, ka cike waɗannan:

- Wace rana ce da wane lokaci ake ganin masu irin wannan matsala?
- Ana kwantarwa ne, ko zuwa ake yi a koma gida?
- Ana karɓar mata? Yara 'yan ƙasa da shekara 18 fa?
- Nawa ne kuɗin kati, kuma me iyali za su tanada in za a kwantar?
- Sai da takarda daga wani likita, ko kai tsaye ake zuwa?
- Wace ƙofa za a shiga, wane ofishi za a tambaya?

Ta ƙarshen nan kamar ba komai ba ce, amma ka tuna mutumin da ya taso daga Nafada ko Shongom da kuɗin mota na rance. In ya iso ranar da ba a ganin marasa lafiya, ko ya yi ta zagaye a babban asibiti yana jin kunyar faɗin abin da ya kawo shi, komawa gida zai yi, kuma da wuya ya sake fitowa. A ƙasan kowane shafi ka rubuta ranar da ka tabbatar da bayanin. Duk bayan wata uku ka sake bi.

Sai wuraren da ba za su shiga rijistar ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, daga baya aka gano irinsa a wasu garuruwan Arewa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa inda za su je suka yi. Addu'a da nasihar malamai suna da babban gurbi a wajen wanda ke ƙoƙarin bari, ba kuma aikinka ba ne ka raina su. Amma kafin ka rubuta sunan kowace cibiya mai zaman kanta, ka tambaya ko likita na duba mutanen da ke ciki, ko iyali na iya kai ziyara ba tare da sanarwa ba, ko ana ɗauri ko duka, ko tana da rajista da hukuma. In an hana ka shiga ka gani da idonka, kada ka tura ɗan kowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya. Ka ajiye kwafinta kusa da rijistar.

Mataki na 3: Tara bayanai, sannan ka tankaɗe

Abin farin ciki, mafi yawan ingantattun takardun wannan fanni kyauta ne. Ka sauko da rahoton binciken nan na 2019, da Babban Tsarin Ƙasa na Daƙile Miyagun Ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025, da rahoton duniya da UNODC ke fitarwa duk watan Yuni. Hukumar Lafiya ta Duniya na da jagoran mhGAP da aka rubuta don ma'aikatan lafiyar da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, da takardar tambayoyin tantancewa mai suna ASSIST; waɗannan na ma'aikatan jinya ne da ɗaliban kiwon lafiya. Masu bincike kuma ka nuna musu PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, da AJOL mai tara mujallun Afirka, da mujallar nazarin ƙwayoyi da giya ta Afirka da cibiyar CRISA ta Uyo ke bugawa. Shirin Research4Life na buɗe dubban mujallun lafiya, amma cibiyoyi ke yin rajista, don haka ka nemi haɗin kai da laburaren Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere. Akwai ma ƙungiyar ma'aikatan laburare na wannan fanni, SALIS, da aka kafa tun 1978, wadda ta zuba tarin littattafai a rumbun Internet Archive.

Tarawa ba ta da wuya, tankaɗen ne aikin. Kowace takarda ka tambaye ta: wa ya rubuta ki, yaushe, don mutanen ina, kuma me ake sayarwa a ƙarshenki? Takardar da aka shirya wa iyaye a Amurka kan fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi, ba ta amsa tambayar wanda ɗansa ke shan sholisho. Wadda aka rubuta kan maganin tari mai kodin kafin Mayun 2018 ta tsufa, domin a watan ne gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi, bayan binciken da BBC ta watsa. Haka tiramol: mai ƙarfin miligiram 50 da 100 NAFDAC ta amince da su, a kan takardar likita, amma wanda ake yawan kamawa a kasuwar bayan fage yana kai 225. Bayanin da bai san wannan bambanci ba, ba namu ba ne. Duk wanda kuma ya ƙare da tallan wani haɗi mai "wanke ƙwaya daga jini cikin kwana bakwai", ka jefa shi a kwandon shara.

Mataki na 4: Mayar da shi Hausa, kuma a murya

Rahoto mai shafi ɗari da Turanci ba zai yi wa tsohuwar da ke Herwagana amfanin komai ba. Ka koma kan jerin tambayoyinka, ka zaɓi goma da aka fi maimaitawa, kowace ka rubuta mata amsa a fuska ɗaya ta takarda. Tambaya ɗaya, takarda ɗaya: alamomin da iyaye za su lura da su, yadda za a fara magana da yaro ba da zagi ba, abin da ke faruwa a jiki in an daina, dalilin da ya sa wanda ya bari kan koma, da kuma cewa komawar ba ta nufin magani ya gaza.

Ka kiyaye gaskiya. In ka rubuta cewa duk wanda ya ja wiwi sau ɗaya zai haukace, matashin da ya san abokansa goma masu sha ba su haukace ba zai yar da takardar, ya yar da duk sauran abin da za ka faɗa. Ka faɗi haɗarin yadda yake, ya isa. Kada kuma ka rubuta adadin da ake sha ko yadda ake haɗawa, kar takardar faɗakarwa ta koma darasi. Kalmomi irin su "ɗan ƙwaya" da "lalatacce" ka bar su. Wanda ake kira da su shi ma zai karanta, kuma shi muke so ya dawo.

Takarda ɗaya tilas ta kasance, ta gaggawa. Wanda ya sha kodin ko tiramol fiye da kima na iya suma, numfashinsa ya yi ƙasa sosai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, leɓɓansa su sauya launi. Tiramol na iya sa jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwantar da shi a kan gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa yana sume, kada a bar shi ya "yi barci ya warware". A garzaya asibiti da shi, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloxone da ke warware irin wannan suma in an isa da wuri. A ƙara da cewa wanda ya daɗe yana shan diazefam ko roci ko giya mai yawa, tsayar da shi farat ɗaya ta hanyar kulle shi a ɗaki na iya jawo jijjiga har da rasa rai. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. Iyaye da yawa ba su taɓa jin wannan ba.

Kafin ka buga, likita ko mai harhaɗa magunguna ya karanta ya sa hannu. Sannan ka karanta wa mutum uku da ba su yi boko mai zurfi ba, ka ce su maimaita maka abin da suka fahimta. Inda suka yi tuntuɓe, nan za ka gyara.

Daga nan sai murya. Kowace takarda a karanta ta a waya, minti biyu zuwa uku, a ɗaki marar hayaniya, wasu da muryar mace. A farkon kowane saƙo a faɗi sunan laburaren da watan da aka naɗa, don in ya yi shekara yana yawo a san tsufansa. Gombe ba Hausa kaɗai ake ji ba, saboda haka ka nemi masu Fulatanci, Tangale, Tera da Waja su naɗi nasu. Ka buɗe lambar WhatsApp ta laburare, ba taka ta kanka ba, ka riƙa turawa ta jerin aika saƙo ga mutane ɗai-ɗai maimakon zaure, inda kowa ke ganin lambar kowa. Masu tura fina-finai a waya da masu cajin waya a kasuwa ma ka ba su, su zuba wa abokan cinikinsu kyauta.

Mataki na 5: Inda za ka ajiye, da rufin asiri

Kada ka rataya allo mai cewa "Sashen Shaye-shaye". Ba mai tsayawa a ƙarƙashinsa. Ka kira wurin "Lafiyar Iyali", ka gauraya takardun da na zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da abincin yara, a kan hanyar da kowa ke bi. A ɗauka kyauta, ba rubuta suna.

Ba a rubuta sunan mai tambaya a ko'ina. Ba a ba da labarinsa a ofis, ba a kai shi gida. Gombe gari ne da kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita ta rushe aikin shekara. Masu shara da masu gadi ma a zaunar da su a faɗa musu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. In akwai kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, a goge tarihin bincike bayan kowane mutum.

Kwamfutar nan kuwa ba sai da intanet ba. Tsohuwa guda ta isa: ka zuba mata duk takardunka da muryoyin, ka sa manhajar Kiwix mai buɗe kundin bayanan lafiya na Wikipedia ba tare da data ba, ka haɗa ta da ƙaramin sola in hali ya yi.

Mataki na 6: In an zo teburinka

Mai wannan tambaya ba ya zuwa kai tsaye. Za ta ce, "Malam, wata maƙwabciyata ce ɗanta..." Ka bar ta a kan maƙwabciyar. Ka ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, bismillah zauna. Allah ya ba shi lafiya. Kin san abin da yake sha, ko abin da aka gani a wurinsa?" Ka saurara har ta gama. Ka ba ta takardar da ta dace, ka buɗe rijista ka rubuta mata wurin zuwa da rana da kuɗin kati a 'yar takarda. In ba ta karatu, ka tura mata muryar.

Kai ba likita ba ne. Ba ka cewa ga ciwon da ke damunsa, ba ka ba da shawarar magani, ba ka alkawarin warkewa. In an matsa, ka ce, "Wannan sai likita, Hajiya, amma ga inda za ki same shi." Kuma kai ba ɗan sanda ba ne. Iyakar inda za ka tashi tsaye da kanka shi ne in rai na cikin haɗari a gabanka: wani ya suma, ko yana maganar kashe kansa. Nan ba a ba da takarda, mota ake nema.

Mataki na 7: Kai laburaren inda mutane suke

Akwati ɗaya mai takardu da ƙaramar lasifika ya isa ya zagaya makarantu, Islamiyyun mata, majami'u, tashoshin mota da majalisun matasa. 'Yan acaɓa da leburori da yawa don ƙarfin aiki suka fara shan tiramol, ba don nishaɗi ba, don haka maganar da za ta shige su daban ce da ta ɗaliban sakandare. Ka tafi da ma'aikacin lafiya ya amsa abin da ya shafi jiki. Gidajen rediyon Gombe na da shirye-shiryen lafiya na kiran waya. Ka ba mai gabatarwa jerin tambayoyinka da kwafin rijista. Limamai da fastoci kuma ka shirya musu shafi ɗaya na tabbatattun bayanai da za su duba kafin huɗuba ko wa'azi. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, dama ce ta ƙaddamarwa, kuma shirin wayar da kai kan shaye-shaye, WADA, da NDLEA ta fara a 2021 na neman abokan aiki a makarantu da unguwanni.

Mataki na 8: Adana na gida, ka riƙe lissafi

Duk shekara ɗalibai a Jami'ar Jihar Gombe, Kashere da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suna rubuta kundin kammala karatu kan shaye-shaye a unguwanninmu, daga nan ƙura ta rufe su. Ka nemi izinin marubutan da makarantunsu, ka ɗauki hoton kundayen, ka jera su da suna, shekara da ƙaramar hukumar da aka yi binciken. Ka haɗa da rahotannin ƙungiyoyi da yankakkun jaridu. Mai tsara manufa a jiha zai zo nemansu wata rana.

Lissafinka na wata-wata lamba ce zalla: tambayoyi nawa, kan wane abu, mata nawa maza nawa, takardu nawa aka ɗauka, mutum nawa aka tura asibiti. Da shi za ka nemi kuɗin fotokwafi a kasafin baɗi, da shi kuma za ka gane takardar da ba a taɓawa, ka sake rubuta ta. Ka koya wa aƙalla abokin aiki ɗaya komai, ka ajiye rijista da asalin takardun da kalmar sirrin lambar WhatsApp a fayil guda a ofishin shugaba, domin canjin wurin aiki kan zo ba sanarwa.